MATASAN MALUMFASHI DA KWASA-KWASAN KOYON TURANCI: A GYARA TUN DAGA TUSHE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk shekara idan damina ta yi sallama, aka shiga karyar masara da yankan dawa a gonakin Malumfashi, Ƙafur, Bakori da Ɗanja, akwai wani lissafi da magidanta kan zauna su yi a zaure wanda bai shafi bashin taki ko kuɗin 'yan ƙwadago ba. Lissafin kuwa shi ne: buhu nawa za a fitar a kai kasuwa domin yaro ya sake zama jarrabawa? In aka tambayi dalili, amsar kusan iri ɗaya ce gida-gida: ya ci sauran darussa, Turanci ne ya kayar da shi. Wani karo na biyu ke nan, wani na uku. Wani kuwa tuni ya haƙura, ya karɓi babur yana acaɓa, ko ya bi motar kaya ya nufi Legas ko Fatakwal, takardunsa na nan a ƙasan akwati suna jiran ranar da babu wanda ya san ta.

Wannan al'amari ya wuce a ce matsalar gida ɗaya ce ko ta gari ɗaya. A watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon ɗalibai kusan miliyan biyu, ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ta dawo ta amsa cewa an tafka kuskure wajen duba ɗaya daga cikin takardun Turanci, ta gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Ma'ana, takarda guda ta Turanci ta kusa rufe wa yara kimanin rabin miliyan ƙofa a rana ɗaya. Ita dai wannan jarrabawa ta Turanci ce aka yi ta jinkirtawa a watan Mayun shekarar, har ɗalibai a wurare da dama suka rubuta ta cikin dare da hasken tocila. Duk mai hankalin da ya dubi wannan zai gane irin nauyin da aka ɗora wa darasi ɗaya tak a rayuwar ɗan talaka.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai da kiredit a Turanci. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kan kwamfuta gaba ɗaya, tana da tambayoyi 180, kuma 60 daga cikinsu na Turanci ne, dole kowa ya amsa su, ko likita yake son zama ko malamin Larabci. Ko a watan Oktoban 2025 da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman shiga jami'a a fannonin adabi da harsuna, ta bar sharaɗin Turanci a inda yake. Ƙanwar da ake fatan ta shiga Makarantar Ungozoma ta nan Malumfashi, da ƙanen da ake son ya tafi makarantar kiwon lafiya ta Kankiya, duk da Turanci za a karantar da su. Fom ɗin aikin soja, na ɗan sanda da na kwastan, duk da Turanci ake cika su a intanet.

Wanda ma ya ce shi ba ruwansa da aikin gwamnati, noma zai yi kamar yadda ya gada, to Turancin na nan yana jiran sa a bakin gona. A jikin kwalbar maganin feshi da Turanci aka rubuta yawan da za a zuba a tanki, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, da ranar da maganin zai daina aiki. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Babu mai cewa rashin jin Turanci ne kaɗai ya jawo haka, amma wanda ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalba dole ya dogara da abin da mai shago ya faɗa masa, shi kuwa mai shago ciniki yake nema. Haka takardun bashin noma na banki. Manoma nawa ne a wannan yanki suka karanta sharuɗɗan bashin da suka ci, layi-layi, kafin su dangwala hannu? Rashin sani dai, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

To, a gaban wannan hali matasa sun kasu gida biyu, kuma kowane gida da nasa kuskuren. Akwai mai ganin Turanci harshen 'yan mulkin mallaka ne, saboda haka nisantar sa wani nau'i ne na tsare addini da mutunci. Gaskiya ne da bakin bindiga harshen ya shigo ƙasar nan, lokacin da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Amma ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Zaidu bin Sabit (R.A.) da ya koyi rubutun Yahudawa, domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma ya koya cikin kimanin rabin wata. Hikimar a fili take. Duk al'ummar da sai an karanta mata wasiƙarta, to asirinta yana hannun mai karantawa. Gida na biyu kuwa shi ne na wanda ya mayar da Turanci ma'aunin wayewa, yana jin kunyar Hausarsa, yana cusa kalma biyu-uku a cikin zance don a ce ya yi boko, alhali in aka miƙa masa biro aka ce ya rubuta wasiƙar neman aiki shafi ɗaya sai gumi ya karyo masa. Na farko ya ƙi ɗaukar makami, na biyu kuwa kube ya rataya babu takobi a ciki.

Abin takaicin shi ne, wannan ƙasa ta Katsina ita ce ta fara koya wa Arewa Turanci mai inganci. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma gininta na nan har yau a cikin birni. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda har Turawa suka riƙa jinjina wa Turancinsa. Daga nan Ahmadu Bello ya fito, da Abubakar Imam wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Sa'adu Zungur wanda ya haɗa Larabci da Turanci da Hausa ya yi gwagwarmaya da su duka ukun. Babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa a gidan da ake magana da Turanci. A nan kusa ma, marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, ya dawo ya zauna a Malumfashi a matsayin Galadiman Katsina har rasuwarsa a 2019. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ɗan Musawa ne, maƙwabta, kuma da Turancin ya riƙa warware ƙaryar da Turawa suka rubuta a kan tarihin ƙasar Hausa. Saboda haka duk wanda ya ce kan Bahaushe ne ba ya ɗaukar Turanci, tarihi ya ƙaryata shi. Abin da waɗancan suka samu shi ne aji mai 'yan ɗalibai kaɗan, da malamin da ya san aikinsa, da lokaci isasshe. Su ne abubuwa ukun da ɗan talaka ya rasa a yau.

Ba wai makarantu ne babu ba. A Funtuwa akwai makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake gyara wa ɗalibi darussan da ya gaza a sakandare, ake kuma yin shirin IJMB. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsinma, inda ɗalibi kan yi shekara uku ya sami takardar NCE, kuma tsarin NCE ya ba da damar a haɗa Turanci da Hausa, ko da Larabci, ko da darasin addinin Musulunci. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Alƙalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma. Ga Zariya nan ba nisa. Ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, wadda tun 1976 take horar da malamai suna zaune a garuruwansu. Kowace irin makaranta daga cikin waɗannan tana da darasin Turanci na dole ga sabon ɗalibi: a jami'o'i ana kiran sa GST 111, a kwalejojin fasaha GNS 101, a kwalejojin ilimi GSE 111. Abin tambaya a nan shi ne: in har kowa sai ya bi ta cikin waɗannan darussa, me ya sa ake samun mai satifiket a hannu wanda ba ya iya rubuta rahoto shafi guda ba tare da an gyara masa ba?

Dalili na farko shi ne, an gina waɗannan kwasa-kwasai a kan zaton cewa ɗalibi ya riga ya iya Turanci, gogewa kawai ya rage masa. Wannan zato yana iya zama daidai ga yaron da ya tashi a Abuja ko Legas. Amma yaron da ya taso a Dayi ko Mahuta, a gida Hausa, a kasuwa Hausa, a masallaci Hausa da Larabci, a filin ƙwallo Hausa, shi Turanci baƙon harshe ne gare shi, ba ya jin sa sai a aji, a ajin ma wani lokaci malamin da Hausa yake ƙarasa bayani. Irin wannan ɗalibi koyar da shi ake buƙata daga inda ya tsaya. A Amurka da Ingila, kwalejojin da ke koya wa baƙi Turanci ba sa fara darasi sai sun gwada kowa sun raba su mataki-mataki, sannan a bi ji da magana da karatu da rubutu ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an je nesa ba ma. Duk wanda ya san yadda Jami'ar Musulunci ta Madina take karɓar ɗalibin da Larabcinsa bai nuna ba, ya san cewa sashen koyon harshe ake fara kai shi, ya hau matakai har ya ƙware, sannan ya shiga kulliya. Gwamnatin Nijeriya da kanta ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991, da na Larabci a Ngala a 1992, saboda ta yarda harshe ba ya shiga sai an zauna a cikinsa. Turanci ne kaɗai aka ɗauka kowa da shi aka haife shi.

Dalili na biyu lissafi ne mai sauƙi. Darasin da ake yi awa biyu a mako, a zangon karatu mai mako 15, awa 30 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba, in kuma malamin bai yi fashi ba. Masu shirya jarrabawar Turanci ta Kambirij a Ingila sun ƙiyasta cewa mai koyo daga farko yana buƙatar awa 500 zuwa 600 a gaban malami kafin ya kai matakin da zai iya bin karatu mai zurfi da harshen. Ina awa 30, ina awa 500? Sannan a cikin awa 30 ɗin ma, sau da yawa ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa a zaure ɗaya, malami na magana ta lasifika, na baya ba ya ji, na gaba yana kwafa. A irin wannan zaure wane malami ne zai saurari furucin kowane ɗalibi? Wane ne zai karɓi insha'in ɗalibai ɗari biyar ya bi da jan biro ya mayar wa kowa nasa? Abin da ya rage sai a sayi handawut, a haddace ma'anar suna da aikatau da sifa, a zaɓi A ko B ko C a jarrabawa, a wuce. An koyi bayani a kan Turanci, shi kansa Turancin yana nan inda aka bar shi.

Dalili na uku shi ne raina Hausa a ajin Turanci. Kurakuran da Bahaushe kan yi sanannu ne, kuma kowanne da sababinsa. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" ba, shi ya sa ɗalibi ke musanya su. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa aka sami burodi da asibiti da sukudireba. Hausa na da wasula biyar, dogaye da gajeru, da tagwaye biyu, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kimanin ashirin. Malamin da ya san harsunan biyu cikin mako kaɗan zai nuna wa ɗalibi inda ramukan suke. Amma an wayi gari ana ganin ambaton Hausa a ajin Turanci kamar abin kunya ne. Abin dariya ma, takardar auna furuci ta WAEC da fensir ake amsa ta, ɗalibi na iya cinye ta bai buɗe baki ya furta kalma ɗaya ba.

Dalili na huɗu kuwa shi ne ya fi ban tsoro, domin zagaye yake yi. Ɗalibin da ya fita kwalejin ilimi da raunin Turanci shi ne gobe zai tsaya a gaban 'yan firamare a ƙauye. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya musa cewa akwai ciwo. Shi malamin nan ba daga sama ya faɗo ba, wata kwaleji ce ta ba shi takarda. In rijiya ta gurɓata, duk tulun da aka ɗebo daga cikinta haka zai zo.

Ana cikin wannan hali ne gwamnati ke ta sauya manufa kamar mai sauya riga. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A watan Nuwamban 2022 aka amince a ƙara zuwa shekara shida. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Amma ai gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi a hannun ƙwararren malami, ya nuna waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Sannan yaushe ma aka aiwatar da manufar 2022 a ƙauyukan Malumfashi, da littattafanta da malamanta, har za a ɗora mata laifin faɗuwa? Maƙwabciya Jamhuriyar Nijar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wato kowanne da gurbinsa. Ko da wace manufa aka tsaya a kai, sanarwa daga Abuja ba ta sanya Turanci a bakin malamin da ba shi da shi. Wanda ya wajabta Turanci, wajibi ne a kansa ya samar da masu koyar da shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan giɓi shi ne ya haifar da cibiyoyin da ake raɗa wa iyaye cewa in aka biya kuɗi kaza, kiredit ya tabbata. Uba ya sayar da masararsa, a kai yaro wani lungu, a rubuta masa amsa a allo ko a turo ta waya. Wannan ha'inci ne, kuma babu wata fassara da za ta halatta shi. Bayan haka cuta ce ga shi yaron. Ramin ƙarya ƙurarre ne: kiredit ɗin da aka saya ba ya zama a gaban kwamfutar JAMB ya amsa tambaya, ba ya rubuta jarrabawar ajin farko a jami'a, ba ya magana a gaban masu ɗaukar aiki. Ƙarshenta a koro yaro bayan shekara biyu, an yi asarar kuɗi, an yi asarar lokaci, an kuma koya masa cewa da sata ake cin gaba. Matashin da ke tsayawa a sahun gaba ran Juma'a bai kamata a gan shi a layin masu sayen amsa ba.

To, mene ne abin yi? Ga shugabannin kwalejoji da jami'o'in wannan jiha: ya kamata a riƙa gwada Turancin kowane sabon ɗalibi a makon farko, gwajin da ba na kora ba, na sanin matakinsa, a raba su aji-aji gwargwadon ƙarfinsu. A karya manyan zaurukan nan zuwa ƙananan rukunai na mutum talatin ko arba'in, a sa ɗaliban ajin ƙarshe na sashen Turanci su riƙa jagorantar su a ƙarƙashin kulawar malamai, su ma sun sami horo ke nan. A ba magana da rubutu maki na gaske, a riƙa mayar wa ɗalibi takardarsa da gyara a jiki. A matakin farko a bar malami ya yi bayani da Hausa inda ya kama. A kuma daina tilasta sayen handawut.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Malumfashi, Ƙafur, Bakori, Ƙanƙara da Funtuwa: azuzuwan sakandare a rufe suke daga la'asar har safiya, kuma daga Disamba zuwa Mayu yawancin matasan karkara ba su da aikin gona sai masu noman rani. Me zai hana a haɗa kai da ɗaya daga cikin kwalejojin nan a buɗe kwas na wata shida na yamma, mai matakai da takardar shaida, a kuɗin da bai fi ƙarfin ɗan manomi ba? A yi aji na masu gyaran sakamako, da na manoma da 'yan kasuwa, da na mahaddata da ɗaliban makarantun Islamiyya waɗanda suka yi nisa a Larabci amma Turanci ya tare musu hanya. Arewa ta taɓa yin irin wannan hoɓɓasa a zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da babu wuta babu waya. Kada kuma a manta, yaran da cutar korona ta zaunar a gida a 2020, sannan aka rufe musu makarantun kwana bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disambar wannan shekarar, su ne matasan yau. Bashi ne a kan hukuma ta mayar musu da abin da suka rasa. Su kuma masu hali na wannan yanki, waɗanda Allah Ya buɗa wa ta hanyar hatsi da auduga, ɗaki ɗaya mai fitilar sola da littattafai da albashin malami guda sadaka ce mai gudana.

Sauran magana ta koma kan shi matashin, domin shi ne mai ciwon. Kafin ya miƙa kuɗin gumin mahaifinsa ga kowace makaranta ko cibiyar lesin, ya yi tambaya huɗu. Shin hukumar da ta dace, NUC ko NBTE ko NCCE, ta san da wannan makaranta, in takardar shaida ta ce za ta bayar? Mutum nawa ne a aji? Za a gwada shi kafin a ajiye shi a aji? Za a karɓi rubutunsa a gyara a mayar masa? Duk inda aka fara yi masa alkawarin kiredit tun bai zauna ba, ya kama gabansa. Matambayi ba ya ɓata.

Bayan haka ya sani cewa kwas komai kyansa ba ya wadatarwa. Awa ɗaya a kowace rana awa 365 ce a shekara, cikin shekara biyu an haura 700. Wannan awa tana nan a cikin lokacin da ake ƙonewa a majalisa da gidan kallon ƙwallo da latse-latsen waya. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun allo ko na zaure: a biya, a maimaita, a kawo hadda, a karanta a gaban wanda ya fi sani ya gyara. Matasa biyar su haɗu bayan sallar Isha'i ko bayan Asuba, su karanta shafi ɗaya da ƙarfi, kowa ya faɗi abin da ya fahimta da Turanci, kowa ya rubuta layi goma. Su saurari labarai da Hausa, sannan su nemi labarin nan da Turanci su gwama. Su haɗa kuɗi su sayi ƙamus. Akwai na Neil Skinner tun na 1965, akwai kuma na Paul Newman da Roxana Ma Newman wanda Jami'ar Bayero ta buga a 2020. Sharaɗi ɗaya ne a wannan zama: ba a yi wa wanda ya yi kuskure dariya. Tsoron dariya ya hana matasan Arewa buɗe baki fiye da yadda rashin malami ya hana su. Wanda kuma Allah Ya ba shi harshen, to ya tuna akwai haƙƙin 'yan uwansa a kansa, ya ware musu dare biyu a mako.

Kaka ta zo, kuɗi za su shigo hannu, kuma ba za su daɗe ba. Kafin a kai buhun farko kasuwa, ya kamata kowane gida ya yanke shawarar inda kuɗin za su tafi: ga mai sayar da amsa, ko ga mai koyar da karatu. Hausa na nan daram a matsayin harshen gida da zumunci, Larabci na nan a matsayinsa na harshen Alƙur'ani da ibada, Turanci kuwa shi ne harshen kotu da banki da asibiti da jarrabawa a ƙasar nan, kuma wanda bai riƙe shi ba wasu ne za su ci gaba da yin magana da yawunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba matasa ilimi mai amfani, Ya tsare su daga ha'inci da kasala, Ya sa iyaye su ci moriyar wahalarsu. Amin.